Rediyon Katako na Malam

Litinin, da hantsi

Yau ranar fanka ce. Na tashi da niyyar ba zan taɓa su ba, sai ga ni a falo ina kunna su ɗaya bayan ɗaya kamar wadda aka ɗauka aiki. Ga damina, ga sanyi, ga ni naɗe da mayafi ina shan iskar fankar da ta girmi ɗana. Akwai wata koriya da sai an tura mata fiffike da sanda kafin ta yarda ta juya.

Dokar Malam ce, mijina. Kowane tarkace a gidan nan yana da ranarsa: Litinin fankoki, Talata keken ɗinki da tafireta, Lahadi firji mai kananzir, haka dai har mako ya zagayo. Wai in ba a motsa su ba lalacewa suke yi. Shekara sama da talatin ina jin wannan karatun ina tsaki, ban taɓa sa hannu ba. Mutane suna ritaya su huta, shi ya yi ritaya ya ƙara ƙaimi wajen bin gidajen da za a rushe yana kwaso abin da masu shi suka zubar. Yanzu yana kwance a asibiti tun ranar Juma'a, ya bar ni da 'ya'yansa na ƙarfe.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Juma'a ba. Likita ya faɗi sunan ciwon, na ji, ya isa.

Yaya, wato yayar Malam, ta ce bakina ya yi yawa a asibiti, nas-nas sun fara gudu na. To, zan riƙa zuba ragowar a nan.

Talata, bayan la'asar

Na je asibiti. Idonsa biyu, yana kallon silin. Hannun dama yana inda aka ajiye shi. Na ba shi labarin fankoki, na ce masa koriyar nan ba ta da kunya. Bai ce komai ba. Na gyara masa filo, na tambaye shi ko yana jin sanyi, na ja masa bargo, na tambaye shi ko in buɗe taga, na buɗe.

A gadon da ke kusa da shi akwai wani tsohon direba da aka ɗaure wa ƙafa aka rataye. Bakinsa kuwa ba a ɗaure ba. Tun ina bakin ƙofa ya fara: “Hajiya, sannu da zuwa, ya gida, ya ruwa, an ce hanya ta cika?” Na amsa a taƙaice. Ni ba hira ta kawo ni ba.

Akwai tambayar da na yi wa Malam ranar Juma'a da yamma, bayan an kwantar da shi. Bai amsa ba. Na fita, ban sake yi ba, ba kuma zan sake ba.

Na dawo na taka keken ɗinki ba zare, na buga tafireta ba takarda. In maƙwabta suka leƙo za su ce na zare.

Laraba, da safe

Agogon bango ya tsaya. Babban nan na matattakala, na mahaifinsa, mai buga awa kamar ana dukan tukunya. Tun da aka kawo ni gidan nan nake addu'ar ya yi shiru, yau ya yi, kuma sai na kasa shan shayi.

Da makulli ake murɗa shi, makullin kuma Malam kaɗai ya san inda yake, tun ranar da jikokinsa suka yi wasa da shi. Na duba aljihun rigunansa, na duba ƙarƙashin katifa, na zazzage gwangwanayen ƙusoshi. Babu. Mutum zai ɓoye makullin agogo kamar na banki.

Laraba, da yamma

Na tambaye shi. “Malam, ina ka sa makullin agogo?” Ya dube ni, leɓensa ya ɗan motsa, shi ke nan. Na ce to Allah ya ba da lafiya, na kwashe kwanuka na taho, don hadari ya haɗu kuma ban jera bokitai ba.

Alhamis, da rana

Ruwa. Bokitai. Ciwon baya.

Juma'a, bayan la'asar

Rufin nan zai kashe ni. Wurin yoyo a saman bene ya fi ƙarfin bokitan gidan, na haɗa da tukwane da baho. Malam ya san wane bokiti ke zama a ina, har wanda ake karkatawa. Ni sai ruwa ya ɗigo mini a ka nake ganewa. Tagogin katako sun kumbura, wanda ya rufu ya ƙi buɗuwa, wanda ya buɗu ya ƙi rufuwa. Wai gidan tarihi. Wai irin wannan bangon ba a sake yin sa. To a daina yi mana, wa ya ce a yi?

A asibiti direban nan ya tare ni da ƙara. “Hajiya, mutuminki fa yana magana shi kaɗai. Shekaranjiya bayan kin fita, ina cikin gyangyaɗi sai na ji ya ce, ‘cikin risho.’ Na ce Malam me ke cikin risho? Shiru.”

Na ce masa sambatu ne, likita ya ce za a iya samun haka. Na ja labulen da ke tsakaninsu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ko a mafarki ba ya magana, yau shi ne ake ba ni labarin sambatunsa, kuma ko a sambatun ma ba ni ya kira ba, risho ya kira.

Asabar, da hantsi

Babba ya zo, babban ɗanmu. Ya zauna a kan akwatin garmaho, tsohuwar na'urar sa faifai, don babu kujerar da ba a ɗora wa wani abu ba. Ya daɗe yana juya makullin mota kafin ya fara.

“Mama, Baba ba zai sake hawa benen nan ba.”

Na ce wa ya gaya maka?

“Ni na sauko da shi a bayana ranar Juma'a, Mama. Katakon nan yana kuka a ƙarƙashina, na ɗauka tare za mu zube. Ba zan sake ba.”

Wai akwai mai son sayen gidan. Ba gidan yake so ba, filin yake so, zai rushe ya gina shaguna. Wai akwai ɗan gida a kusa da su Babba, ba bene, ba yoyo, ga asibiti a bayan layi. Tarkacen kuma, waɗanda ke aiki akwai wani mai tara tsofaffin kaya da zai ɗauka, matattun a kira ɗan gwangwan, mai sayen ƙarafa, ya auna.

Na ce gidan mahaifinka ne, ba nawa ba, ba naka ba. Sai an tambaye shi.

“Mama, wa za a tambaya? Baba ba ya gane komai yanzu. Ke ma kin sani.”

Ban mare shi ba. Ban kuma ce ƙarya yake ba. Gaskiya ita ce, da ya ce gida ba yoyo, sai da zuciyata ta yi wani sanyi. Shekarun nan duka abin da nake roƙo ke nan. Amma na tsaya a kan sai an tambaye shi, a gaban Yaya, don kada gobe dangi su ce ni na sayar da gidan ubansu.

Lahadi, da safe

Ranar firji. A durƙusa, a zaro tankin ƙasa, a zuba kananzir, a datse lagwani, a kunna, a leƙa a ga wutar ta yi shuɗi ba ja ba. Duk wannan hidimar don a sanyaya ruwa jug ɗaya, ga firjin lantarki a kicin yana kallona. Wuta ta yi ja, hayaƙi ya turnuƙe, na yi tari har hawaye. Na sake datsewa. Ta yi shuɗi.

Ban san me ya sa na ji daɗi ba. Wari nake yi kamar mai sayar da mai.

Litinin, da hantsi

Fankoki. Koriyar ta kusa cire mini yatsa.

Talata, da yamma

An tambaye shi.

Ni da Babba da Yaya muka tsaya a kansa. Babba ya sunkuya ya yi bayani da ƙarfi kamar mai magana da kurma, ya faɗi komai, har rushewar. Sannan ya ce, “Baba, ka yarda a sayar? In ba ka yarda ba ka ce a'a, ko ka girgiza kai.”

Malam ya dube shi. Ya dube ni. Bakinsa ya ɗan karkace.

Babba ya ɗaga kai ya ce, “Kun gani.” Yaya ta sa gefen mayafi a ido ta ce, “Allah sarki ƙanena, an tafi an bar gangar jiki. Maman Babba, ku yi abin da ya fi sauƙi.” Wayar Babba ta yi ƙara, nas ta shigo da magani, muka fito.

Ni ce na fara juyawa. Na koyar da 'yan firamare har na yi ritaya, na san fuskar yaron da ba shi da amsa. In ka tsaya a kansa kunya kawai kake ƙara masa, sai ka wuce na gaba. Ban so su ci gaba da kallonsa a haka ba.

Ban taka keken ɗinki ba yau. Ya lalace in ya ga dama.

Laraba, bayan la'asar

Direba dai. “Hajiya, jiya bayan tafiyarku mutumin ya tayar da hankali. A'a, a'a, yake ta faɗa, har sai da nas ta dawo.”

Na ce ai ba ya son allura, tun yana da lafiya. Na roƙe shi don Allah ya daina kawo mini rahoto, ni ba 'yar sanda ba ce. Ya ce to, Allah ya huci zuciyar Hajiya.

Malam ya ƙi cin abinci. Ya juya fuska wajen bango da na zo. Ni na yi masa me?

Alhamis, da yamma

Babba ya zo da ɗan gwangwan da kurarsa ta tura kaya. Aka ja wayar wuta zuwa tsakar falo, aka shiga gwaji. Babba ya soka, ya murɗa, in abu ya motsa a kai dama, in bai motsa ba a kai hagu. Aikin da Malam ke yi a mako, ɗana ya gama shi kafin la'asar.

Koriyar fanka ta ƙi tashi, na buɗe baki zan ce sai an tura ta da sanda, sai na tuna ni ce nake son a rabu da ita. Hagu. Wasu fankoki biyu suka bi ta, da talabijin mai ƙofofi, da dutsen guga na lantarki mai igiyar zare.

Aka zo kan rediyon. Babban akwatin katako ne mai ƙyalle a gaba, shi ne abu na farko da Malam ya fara kwasowa, tun muna amare. Kullum da safe zai kunna shi ya tafi kicin haɗa shayinsa, ni kuma lokacin ina ta fama da shirin makaranta, ban taɓa tsayawa a kansa ba. Babba ya soka, ya murɗa. Tsit. Ya buga gefensa da tafin hannu. Tsit.

“Wannan ya mutu.”

Na ce amma ana gobe abin zai faru ya yi magana.

“To yanzu dai ya mutu, Mama. Hagu.”

Kurar ba ta ɗauke duka ba. Ɗan gwangwan ya tafi da fankoki da talabijin, ya ce zai dawo Talata ya kwashe sauran, har da rediyon, wai akwai jan ƙarfe a cikinsa. A gabana ya taka kan koriyar da ƙafa ya lanƙwasa ta don ta shiga kura. Mai sayen gida ma Talatar zai zo da mutanensa su auna.

Juma'a, da safe

Falo ya yi fili. Na share wurin da ban ga ƙasansa ba tun Babba yana rarrafe. Ya yi kyau. Haka nake so.

Asabar, da rana

Haka nake so, na ce.

Litinin, da hantsi

Na tashi na nufi falo da sanda a hannu, sai da na isa na tuna. Saura fankoki biyu a dama, masu ladabi, da taɓawa suke tashi. Na kunna su na kashe. Ba daɗi.

Litinin, bayan azahar

Dole in rubuta wannan.

Ina share gefen hagu na bangaji rediyon da gwiwa. Haushi ya kama ni, na ce kai ma yau sai ka gaya mini dalilin da ya sa ka yi shiru. Na jawo waya na soka, na murɗa. Ba komai. Na yi masa tsaki, na zage shi, na zagi wanda ya ƙera shi. Sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, na bar shi a haka na haye sama da gudu wajen bokitai.

Ina durƙushe ina tura baho ƙarƙashin yoyo sai na ji muryar namiji a falo.

Allah ya sani, abin da ya fara zuwa raina shi ne Malam ya dawo. Sai hankali ya ce mini ɓarawo ne. Na ɗauki dutsen guga na gawayi na sauko ina lallaɓawa, matattakala tana tona mini asiri. Na leƙa. Ba kowa. Rediyon ne, gabansa ya yi haske ja-ja, wani mutum yana bayani a natse a kan yadda ake shuka wake. Na taɓa saman akwatin, da ɗumi.

Ashe sai ya ɗau zafi. Ashe shi ya sa Malam ke kunnawa ya tafi haɗa shayi. Ba mantuwa ba ce, jira yake ba shi.

Na zauna a ƙasa da dutsen guga a cinya ina jin labarin wake. Ban san tsawon zaman ba. Can sai maganar direba ta faɗo mini. Ranar da na tambayi Malam makullin agogo ce direban ya ce ya ji “cikin risho,” bayan na fita.

Rishon yana dama, Babba ya gwada shi ya kama. Na ɗaga murfin, babu. Na zaro farantin ƙasa inda ake tara toka da datti. Ga shi nan, an naɗe shi a tsumma.

Na murɗa agogo. Ya buga, na ji har cikin haƙorana.

Ranar Talata kuma, bayan mun fita, “a'a, a'a.” Na ce allura ce. Ni da bakina na ce allura ce.

Litinin, da yamma

Na ruga asibiti cikin ruwan, na tarar an ba shi magani yana barci, nas ta ce kada in kuskura in tashe shi. Direba ma an tura shi ɗaukar hoton ƙafa. Na kira Babba na ce gobe da safe ya ɗauko Yaya mu haɗu a can. Ya ce Mama gobe fa masu awo za su zo. Na ce su auna titi.

In na yi kuskure fa? In makullin nan dace ne kawai? Zan tara su a kansa a karo na biyu su kalle shi yana kallon silin.

Talata, da sassafe

Ɗan gwangwan ya zo da kura. Na tsaya a bakin ƙofa na ce babu kaya. Ya ce Hajiya an yi magana fa. Na ce da wa, da mai gidan? Ya tafi yana gunaguni. Na tambaye shi koriyar fanka, ya ce ai tun ranar aka sare ta.

Talata, bayan la'asar

Na shiga da makullin agogo a hannu. Babba yana duba waya, Yaya tana cewa, “Maman Babba, me kuma za a sake wahalar da bawan Allah?” Na ce Babba ya maimaita tambayarsa, a hankali, ba ihu, sannan kowa ya kama bakinsa. Na karɓe wayarsa na jefa a jakata. Na jawo kujera na tokare ƙofa na zauna.

Ya yi tambayar. “Baba, ka yarda a sayar da gidan?”

Malam ya dube shi. Shiru.

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Ana tura keken marasa lafiya a baranda, wani yaro yana kuka a ɗakin gaba. Yaya ta gyara zama, ta sake gyarawa. Babba ya juyo ya ce, “Mama, don Allah...” Na ɗaga masa yatsa irin yadda nake yi wa 'yan aji. Ni kaina harshena ƙaiƙayi yake, ina so in ce Malam ka ji ko, Malam a'a ko e, Malam yi ƙoƙari. Na cije shi. Nas ta turo ƙofa, ta ji kujera, na ce ta dawo anjima.

Direba daga gadonsa ya ce a hankali, “Ku dai ba shi lokaci. Yanzu zai zo.”

Leɓen ya fara rawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, kamar mai ɗaga buhu.

“A'a.”

Yaya ta yi salati. Babba ya buɗe baki, na sake ɗaga yatsa, don na ga bakin bai gama ba. Muka sake jira.

“Gidan... babana.”

Babba ya durƙusa a gefen gadon ya kifa kai a kan hannun nan da ba ya motsi. Wannan ƙaton mutum mai 'ya'ya, kuka yake kamar ranar da na fara kai shi makaranta. “Baba ka yafe mini, wallahi na ɗauka ba ka ji.” Malam ya ɗago ɗaya hannun ya ɗora masa a ƙeya.

Na nuna masa makullin na ce na murɗa agogo. Na zauna na jira abin da zai ce, ina tsammanin godiya. Da amsar ta iso, cewa ya yi, “Kar... ki cika.” Wato kada in cika murɗawa in tsinke masa abu. Mutum yana kwance rabin jiki, amma gyara yake mini.

Alhamis, da hantsi

An sallami mai sayen gida. Babba bai sauka daga maganar bene ba, kuma yana da gaskiya, don haka za a sauko da gado falo. Ma'ana duk abin da ke falo sai ya hau sama, sama kuma tana yoyo, don haka sai an gyara rufi tukuna. Mai gyaran rufi ya zo ya ce a cire kwanon duka a sa na zamani. Na ce ya bari in tambayo mai gidan, amsa za ta iso zuwa jibi.

Na gaya wa Malam maganar fankoki da talabijin. Ban ɓoye ba, na ce ina tsaye aka tafi da su. Na jira. Wannan jiran ya fi na Talata ciwo. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ya ce, “Koriyar?” Na ce har ita.

Bai sake magana ba ranar, ko da yake na zauna har aka kore ni.

Asabar, da rana

Likita ya ce ana samun haka, maganar tana nan, hanyar fitowarta ce ta yi nisa, kuma da motsa shi za ta riƙa gajarta. Yanzu yake gaya mini. Na ce likita, ku da kuke shigowa ku fita kamar ana kora ku, yaushe kuka taɓa jin ta?

Yaya ta ce bakina ya dawo.

Litinin, bayan la'asar

An sallami direba yau. Na kai masa ruwan sanyi daga firji mai kananzir, a matsayin ban haƙuri. Yana kan sanduna, ɗansa yana riƙe da jaka, Malam yana barci. Har ya kai ƙofa ya juyo.

“Hajiya, akwai ɗaya da ban gaya miki ba, don kin ce in daina rahoto. Ranar da aka kawo shi, da yamma. Kin sunkuya kin ce masa, ‘Malam, ka gane ni? Wace ce ni?’ Kika ɗan tsaya, kika fita da mayafi a fuska.”

Na ce na tuna. Ban so ya ci gaba ba, ban kuma so ya tsaya ba.

“To bayan kin fita ya amsa. Ni na ɗauka nas yake zagi, don ita ce ta shigo lokacin. Cewa ya yi, ‘Uwar gaggawa.’”

Babu mai kira na da wannan sunan a duniya sai shi. Tun muna amare ya laƙa mini, ranar da na sauke shinkafa ba ta nuna ba. Ko yaran ba su san shi ba.

Direba ya tafi. Na koma na zauna a kujerar gefen gado. Makonnin nan duka ina kwana ina tashi da cewa mijina bai san ni ba, alhali amsar tana nan a ɗakin, ni ce ban tsaya na karɓa ba.

Da ya farka na ce, “Malam, shayi ko ruwa?” Na ajiye jakata a ƙasa, na cire takalmi.

Laraba, da safe

Jibi zai dawo gida. Masu rufi suna sama suna buga guduma, ƙura ta cika ko'ina, agogo yana dukan tukunyarsa, firji yana warin kananzir. Kaina kamar zai tsage.

Na kunna rediyon. Bari in je in haɗa shayi.